Magatakardan Shugaban Watsa Labarai: Yadda Aikin Ya Kafu A Kaduna

Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin rediyo ya ji an ce ga sanarwa daga Gwamnati, ko kuwa ya ɗauki jarida ya ga jawabin Minista an buga shi tsaf da Hausa, ya san sunan wanda ya yi maganar. Amma da wuya ya san sunan mutumin da ya tsai da ranar da za a yi ta, ya tattaro takardun da aka dogara a kansu, ya tabbata an fassara, an buga, an aika a kan kari. Wannan mutum shi ne magatakardan shugaba, wanda a ofis a ke kira sakatare ko mataimaki. Yau muna so mu duba aikinsa, musamman yadda aka yi shi a Kaduna zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, gama a nan ne aikin ya yi jijiya, kuma akwai abin koyi a ciki ga malaman ofis da malaman makaranta baki ɗaya.

Asalin Aikin

Aikin magatakarda ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ke riƙe da wasiƙun da ke tsakanin Sakkwato da sarakunan ƙasashe, har aikin ya zama gado a gidansa. Haka kuma kowace fada tana da malamin da ke rubuta wasiƙar Sarki, ya buga hatimi, ya san wadda za a ba manzo yau da wadda za ta jira. Abin da zuwan Turawa ya ƙara shi ne fayil, da tafireta, da wayar tangaraho, da agogo.

A 1917 aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta Kaduna. Manyan gine-ginen mulki duk a arewacin kogi aka kafa su: Sakatariya, da gidan Gwamna, da Majalisa watau Lugard Hall, da ma'aikatar ɗab'i ta Gwamnati. Daga baya masaƙu suka zauna a kudancin kogi wajen Kakuri, amma alƙalami da takarda suka tsaya a arewa. Sa'ad da Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiya a 1954, sai bukatar yi wa jama'a bayani ta ƙaru ƙwarai, don yanzu 'yan ƙasa ne ke mulki, kuma ƙuri'ar talakawa ce ke ɗora su ko ta sauke su.

Nauyin Da Ke Kan Shugaba

Kafin a gane aikin magatakarda sai an san girman kayan da maigidansa ke ɗauke da shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam na editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a 1948 kuma aka soma buga Nigerian Citizen da Turanci. Cikin shekarun 1950 aka tashi Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA kuwa ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, kamar Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya. Ban da waɗannan akwai motocin majigi masu bin ƙauyuka suna nuna hotunan noma da tsabta, irin su Baban Larai. Cikin Maris 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI. Ran 1 ga Janairu 1966 kuma jaridar New Nigerian ta fito a Kaduna.

Ma'aikatar Watsa Labarai ita ce bakin Gwamnati wajen dukan waɗannan. Minista ne ke bisa, Babban Sakatare na biye, sa'an nan Babban Jami'in Watsa Labarai. Malam Ahmed Joda, mutumin Adamawa, ya riƙe muƙamin Babban Jami'i daga 1960, ya zama Babban Sakatare a 1962. Shi kansa ta hanyar alƙalami ya biyo, gama ya yi aiki a Kamfanin Gaskiya a Zariya, ya yi karatu a Kwalejin Pitman a London, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Nijeriya kafin ya zo Kaduna.

To, mutumin da ke riƙe da irin wannan kujera, da safe Firimiya na nemansa, da hantsi Majalisa na zama, da azahar 'yan jarida na bakin ƙofa, da la'asar kuma ga waya daga Razdan na wani lardi yana cewa an yi kuskure a sanarwar jiya. Kai ɗaya ba ya riƙe wannan duka. Don haka a ke ba shi wanda zai riƙe masa lokaci da takarda.

Littafin Kwanaki

Aikin farko na magatakarda shi ne riƙon littafin kwanaki, inda a ke rubuta abin da shugaba zai yi kowace rana da kowace sa'a. Wanda bai sani ba sai ya ce ai wannan rubutu ne kurum. Amma a Arewa mai tsara kwanaki kalanda biyu ya ke dubawa, ta Nasara da ta Musulunci, ya kuma haɗa da ta manoma. Ba ya sa taron 'yan jarida a lokacin Masallacin Jumma'a. Ba ya tura motar majigi ƙauye a tsakiyar Agusta, sa'ad da hanya ta yanke, mutane kuma suna gona. Yana tuna cewa Kirista suna coci ran Lahadi, kuma kowane gari yana da ranar kasuwarsa, wadda ita ce ranar da shela ta fi shiga kunne.

Ga misali babba. Ran 15 ga Maris 1959 Jihar Arewa ta sami mulkin kanta. Ranar ta faɗo cikin watan azumi, kuma cikin tsananin zafi. Saboda haka ba a yi babban biki a ranar ba, aka ɗaga shi zuwa watan Mayu, sa'ad da Duke na Gloucester da matarsa suka zo Kaduna aka yi hawan daba. A yi tunani da a ce an tara sarakuna da dawaki da dubban mahaya daga Barno da Sakkwato da Ilori a filin sukuwa ana azumi. Shawarar ɗagawa ta manya ce, amma irin wannan shawara kullum daga wanda ya duba kalanda tun da wuri ta ke tasowa. Haka aka yi a hawan dabar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna cikin Fabrairu 1956, gama wanda zai zo da doki daga nesa sai ya tashi da makonni kafin ranar, kuma sai an sanar da shi tun kafin nan.

Daga wannan za a ga ƙa'idar aikin: a kan fara lissafi daga ranar da abu zai auku, a yi ta komowa baya. In Minista zai yi jawabi ran Alhamis, to ran Laraba fassarar Hausa ta kammala, ran Talata ya ga rubutun ya sa hannu, ran Litinin ma'aikatar da abin ya shafa ta tabbatar da lambobin da ke ciki, ran Asabar ɗin da ta wuce kuwa an riga an rubuta musu ana nema. Kafin 1966 akwai ƙarin wahala, don manyan jaridun a Zariya a ke buga su, tsakaninta da Kaduna kuwa kamar mil 50 ne. Takardar da ta makara ba ta sami mota ko jirgin ƙasa ba, sai ta jira fitowa ta gaba, kafin nan kuwa ji-ta-ji-ta ta riga ta zaga kasuwa.

Fayil Da Fassara

Aiki na biyu shi ne takarda. Kowace wasiƙa da ta shigo sai a rubuta ta a rajista, a sa mata lamba, a sa ta cikin fayil ɗin da ya dace, sa'an nan ta hau teburin shugaba. Magatakarda nagari ba ya tura fayil tsirara. Ya kan nemo takardun da suka gabata a kan maganar, ya sa alama a inda ya kamata a karanta, ya rubuta taƙaitaccen bayani a sama, watau ga abin da a ke nema, ga abin da aka yi a bara, ga ranar da amsa za ta fita. Da haka shugaba ya kan yanke cikin minti biyar abin da zai ci masa sa'a guda. In an yi taro, shi ne ke rubuta abin da aka zartas, da sunan wanda aka ɗora wa kowane aiki, da ranar da zai kawo rahoto. Bayan taro kuma shi ne ke bin sawu, gama yawancin shawarwarin da ke mutuwa a ofis rashin mai tuni ne ke kashe su.

Wajen fassara kuwa nauyin ya fi haka. A Majalisar Jihar Arewa da Turanci da Hausa a ke magana, don haka kusan kowace sanarwa sai ta fita da harshe biyu, wani lokaci har da Kanuri da Fulatanci da Tibi da Yarbanci. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don daidaita rubutu da kalmomin da aka aro. Amma hukuma ba ta zama a kan kowace takarda. Wanda ke ofis ne zai ɗauki Turancin a hannun dama, Hausar a hannun hagu, ya bi su layi layi. In Turanci ya ce Gwamnati na duba yiwuwar gina asibiti, Hausa kuwa ta ce Gwamnati za ta gina asibiti, to an ɗauki alkawarin da ba a yi niyya ba. Bayan shekara biyu in ba a ga asibiti ba, talaka ba zai ce tafinta ya yi kuskure ba, cewa zai yi hukuma ta yi ƙarya. Magana zarar bunu ce, ta Gwamnati kuwa ta fi kowace wuyar mayarwa.

Rangadi Da Kuɗi

Sardauna mutum ne mai yawan rangadi, ministocinsa ma haka. Kowace tafiya sai an shirya mata mai ɗaukar hoto, da mai ɗauko labari, da mota mai lasifika, da masauki, da man mota. Sai an rubuta wa Razdan, shi ya gaya wa En'e, En'e ta gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, har magana ta kai ga mai shela. A nan ne aikin magatakardan Kaduna ke haɗuwa da na malamin En'e. Wasiƙa komai kyawunta, in ta kwana uku cikin aljihun tebur a ofishin hakimi, Minista zai iso ya tarar da fili babu kowa. Igiyar tana da tsawo, kuma a inda ta fi siranta ta ke tsinkewa.

Sa'an nan ga kuɗi. A zamanin nan shekarar kuɗi ta Gwamnati tana farawa ran 1 ga Afrilu, ta ƙare ran 31 ga Maris. Tun da watanni kafin Majalisa ta zauna a Lugard Hall don duba ƙiyasin kuɗi, kowace ma'aikata sai ta rubuta abin da za ta bukata. Abin da ba a sa a ƙiyasi ba, da wuya a same shi a tsakiyar shekara. Saboda haka wajibi ne magatakarda ya hango abin da ke tafe: akwai zaɓe, akwai ƙidayar jama'a, akwai babban baƙo. An yi zaɓen tarayya cikin Disamba 1959, da na Jihar Arewa a 1961, an yi ƙidaya a 1962, aka soke ta aka sake a 1963, aka kuma yi wani zaɓen tarayya a ƙarshen 1964. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar takardun mannawa, da faya-fayen majigi, da lokaci a rediyo, kuma duk sai an biya.

Kunne Biyu, Baki Ɗaya

Akwai wani sashen aikin da a kan manta, shi ne saurare. Ofishin watsa labarai ba don faɗa kaɗai aka kafa shi ba, wajibi ne ya kawo wa shugabanni abin da mutane ke cewa, ko da babu daɗin ji. Tarihi ya ba mu darasi a kan wannan. Cikin Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Arewacin Kamaru, ƙasar da Ingila ke riƙo amana, ana mulkinta tare da Jihar Arewa. A Kaduna an ɗauka mutanen za su zaɓi zama cikin Nijeriya kai tsaye. Da aka ƙirga sai aka ga kamar mutum dubu 70 sun ce a ɗaga maganar zuwa gaba, kamar dubu 42 ne suka ce Nijeriya. Masana tarihi da yawa sun danganta wannan da ƙorafin da jama'ar wurin ke da shi a kan yadda a ke mulkinsu a ƙasa. Bayan haka aka yi gyare-gyare a tsarin En'e na yankin. Da aka sake ƙuri'a cikin Fabrairu 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, ran 1 ga Yuni 1961 kuma ƙasar ta shigo, ta zama Lardin Sardauna.

Abin lura a nan shi ne, ƙorafin yana nan tun kafin ƙuri'ar farko, amma manya ba su san zurfinsa ba sai da akwati ya faɗa musu. Wanda ke tsaron ƙofar shugaba yana da iko babba a kan abin da shugaban zai ji. In ya zama mai tace labari, ya shigar da mai daɗi ya tare mai ɗaci, to ya makantar da maigidansa, kuma ranar da abin zai fashe tare za su ji kunya. In kuwa ya bar ƙofa a buɗe ga kowa da kowa, shugaba ba zai sami sa'a guda ta tunani ba. Gwaninta ita ce ya san wanda zai shigar nan take, da wanda zai ba rana, da wanda zai tura wani ofis, kuma ya sallami kowa da mutunci, babba ko yaro.

Amana

Magatakarda ya kan san labari kafin duniya ta sani: wanda za a naɗa, da wanda za a sauke, da farashin da za a sa wa gyaɗa da auduga a kaka mai zuwa. Wanda ya san farashi kwana biyu kafin a yi shela, in ba shi da tsoron Allah, yana iya sayar da sanin nan ga ɗan kasuwa, a cuci manomi. Don haka amana ta fi saurin hannu a tafireta. Ana iya koya wa yaro bugun tafireta da gajeren rubutu cikin shekara guda, kamar yadda a ke yi a makarantar horar da akawuna ta Zariya, wadda ta zama Makarantar Koyon Mulki a Kongo a 1954. Riƙon baki kuwa tun daga gida da makarantar farko a ke koyonsa, kuma a nan ne hannun malaman makaranta ya shiga cikin al'amarin.

Ran 15 ga Janairu 1966 aka ga iyakar nauyin wannan aiki. A daren aka kashe Firimiya a gidansa, da rana kuma Manjo Nzeogwu ya yi jawabi ta gidan rediyon Kaduna. New Nigerian a lokacin mako biyu ke nan da fara fitowa. Ministoci sun sauka, amma ofisoshi ba su rufe ba, don ma'aikata irin su Malam Ali Akilu, Sakataren Firimiya, sun ci gaba da riƙe aiki a ƙarƙashin Gwamnan soja Hassan Usman Katsina. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne, aiki yana rubuce cikin fayil, wanda ya zo daga baya yana iya buɗewa ya ga inda aka tsaya.

Kada kuma wani saurayi ya raina wannan kujera. Malam Adamu Ciroma ya yi aiki a ofishin Firimiya kafin ya zama editan New Nigerian a 1966, daga baya ya zama Gwamnan Babban Bankin Nijeriya a 1975. Malam Giɗaɗo Idris ya yi wa Sardauna sakatare, ya zo ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1995 zuwa 1999. Malam Ahmed Joda kuwa ya koma aikin Gwamnatin Tarayya a 1967, har a 2015 shi aka ba shugabancin kwamitin karɓar mulki, ya rasu a 2021. Wanda ya zauna kusa da shugaba yana lura, makaranta ya ke ciki wadda ba a biya mata kuɗi.

Yau Fa?

Abubuwa da yawa sun sake. An raba Jihar Arewa a 1967. An kawar da En'e a 1976, ƙananan hukumomi suka maye gurbinta, Jihar Kaduna kuwa tana da guda 23. Gidan talabijin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, gidan rediyon ma ya shiga cikin Rediyon Nijeriya a 1978. Tafireta ta ba kwamfuta wuri, kuma tun da wayar hannu ta shigo a 2001, labari ya daina jiran mota zuwa Zariya. Ƙarya tana iya tashi daga Kawo ta kai Tudun Wada ta WhatsApp ko Facebook kafin shugaba ya gama karin kumallo. A garin da ya ga tarzoma a 2000 da 2002 da 2011, kowa ya san abin da ji-ta-ji-ta ke iya jawowa. Har wa yau Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba ofisoshin da ta shafa kwana 7 su amsa wa wanda ya nemi bayani, ofishin da fayilolinsa ke warwatse kuwa ba shi da yadda zai cika wannan.

Saboda haka saurin zamani bai rage aikin magatakarda ba, ƙara masa nauyi ya yi. Lokacin da dā a ke da shi na kwana uku don a tabbatar da lamba, yanzu sa'a guda ce, kuma sai wanda ya shirya tun da wuri ne zai iya. Magabata sun nuna ana iyawa. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, ran 1 ga Janairu 1973 kuma aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam guda ya zama naira biyu. Duka biyun sai da aka yi ta bayani a rediyo da jarida da majigi tun kafin ranar ta zo, har mutumin ƙauye ya gane.

Wanda ke son ganin hannun waɗannan mutane ya tafi Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House a harabar gidan Sardauna, ya roƙi a fito masa da tsohon fayil. Zai ga kwanan wata a kan kowace takarda, da sa hannun wanda ya karɓa, da ranar da aka amsa. Muna roƙon malaman ofis su gwada nasu fayilolin da waɗannan, su ga ko wanda zai gaje su zai iya gane inda suka tsaya. Malaman makaranta kuma su dage wajen koya wa yara rubutun wasiƙa mai tsabta da Hausa da Turanci, da cika alkawari a kan lokaci, da riƙon asiri, gama daga cikin yaran nan ne shugabannin gobe za su ɗauki magatakardansu. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.